Minti Ashirin na Baba Mai Balan-balan

Ƙarfe biyar da kwata na safe babur ɗinsa yake hawa tudun da ke bayan filin jirgin sama. Masu gadin ƙofa sun daɗe da daina duba agogo, tarin tsohon babur ɗin nan ya ishe su. Sai ya jingine shi jikin katanga, ya cire agogon hannu da makullai da duk wani ƙarfe mai iya tartsatsi, ya zube su a bakin taga, sannan ya buɗe ɗakin gas. Gas ɗin da yake haɗawa ba ya son wasa, kuma tabon da ke bayan hannunsa na hagu shaida ne cewa sau ɗaya ya taɓa mantawa da hakan. Daga nan ya ɗaura bakin balan-balan a bututu, ya tsaya yana kallo har abin ya kumbura ya fi shi tsawo. Ƙarfe shida daidai ya fito fili ya sake shi, da wani ɗan farin akwati mai girman sandar sabulu yana reto a ƙasa da igiya. Da yamma kuma, ƙarfe shida, ya sake wani.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki. Juma'ar nan zai miƙa makullin tashar auna yanayi ya sauko daga tudun, kuma in ba a yi magana yanzu ba, haka zai tafi shiru da 'yar takardar yabo da agogon bango, irin wanda ake ba kowa.

A unguwarsu Baba Mai Balan-balan ake ce masa, kuma rabin masu kiransa haka sun ɗauka gwamnati ce ta rasa abin yi. Ƙanin matarsa, wanda direban babbar mota ne, ba ya ganinsa bai tsokane shi ba: "Yaya, kai dai ka more duniya. Mu muna fama da ramukan titi, kai ana biyanka ka yi wasan yara." Baba sai ya yi murmushi ya ce, "Ka zo gobe in hura maka naka." Ba mutum ne mai dogon bayani ba, sai an matsa masa.

In an matsa masa, zai ce ɗan akwatin yana auna zafi da laima da tafiyar iska tun daga ƙasa har inda balan-balan ya fashe, yana aiko da lambobin zuwa tasha. "Iskar da muke shaƙa kamar tukunya take a kan wuta," in ji shi. "Rana ta gasa ƙasa, iskar ƙasa ta yi zafi ta tashi, mai sanyi ta sauko, a yi ta juyawa. Juyawar nan ce take kwashe hayaƙinmu ta kai shi nesa. Amma fa tukunyar tana da murfi."

Murfin kuma biyu ne. Akwai babba, can wajen kilomita goma sha shida, inda sanyi yake daina ƙaruwa. Daga can zuwa sama iska ba ta juyawa, kwance take hawa-hawa, kuma abin da ya samu ya kutsa ciki sai ya shekara yana yawo bai sauko ba. Masana a ƙasashe masu nisa sun yi furfura suna gardama a kan yadda hayaƙi da tururi suke ƙetare wannan iyaka, kuma da lambobin Baba suke gardamar. A takardunsu ba shi da suna, lambar tasha ce kawai. Wata farfesa ta taɓa zuwa takanas ta shimfiɗa masa taswira, ta nuna masa cewa a duk faɗin yankin, ɗigonsa kaɗai ne bai taɓa yankewa ba. Ya ce, "To, madalla," sannan ya roƙe ta ta ɗan matsa, lokacin na yamma ya yi.

Ɗaya murfin ƙarami ne, kuma shi ne mai kisa. A safiyar sanyi iska mai ɗumi takan kwanta a kan mai sanyi, ba nisa da rufin gidaje, ta danne ta. Duk abin da aka ƙona a ƙasa, a nan zai tsaya. Yawanci kafin ƙarfe goma rana ta fasa shi, shi ya sa ba wanda ya damu da shi.

Akwai wata ɗabi'a da abokan aiki suka daɗe suna yi masa dariya a kanta. Akwatunan awo a ɗakin ajiya mai na'urar sanyi suke zama. Ƙa'ida ta ce a fito da akwati a rataye shi a inuwar ɗan farin kejin katako inda ma'aunin zafi yake, har minti ashirin, ya saba da iskar waje, a gwada shi da ma'aunin, sannan a sake shi. Ba mai yi. A yawancin tashoshi daga ɗakin sanyi sai igiya, sai sama. Akwatin da aka yi wa haka yakan tashi da sanyin ɗaki a jikinsa, ya yi ɗumi a hanya, sai lambobinsa su nuna murfi inda babu murfi. Ƙaryar nan ta yi yawa har aka koya wa kwamfutar hedikwata cewa duk sanda ta ga zafi ya yi tsalle kusa da ƙasa, ta goge ta ja miƙaƙƙen layi. Wato maimakon a ja kunnen malalata, sai aka toshe kunne ga kowa. Baba kuwa kullum sai ya rataye nasa ya tsaya a kansa. "Baba na shanya," in ji abokan aiki. Ko a jikinsa.

Gidansa yana cikin kwari, a ƙasan gari, unguwar da tuddai suka kewaye. A nan makarantar firamare mai yara ɗari shida take, da ɗan asibitin haihuwa. A nan kuma matarsa take ɗinki, Maman Auta, wadda take fama da asma tun tana budurwa. A lokacin da abin da za a faɗa ya faru, 'yarsu Auta tana makarantar koyon jinya a wani gari.

Shekara tara da suka wuce, wata safiyar sanyi, rumbun tsofaffin tayoyi da robobi da ke bakin kwarin ya kama da wuta jim kaɗan bayan Baba ya fito. Daga kan tudu ya hango baƙin hayaƙi ya miƙe sama, ya kai wani wuri ya tsaya cak, ya baje, sannan ya fara lanƙwasowa kan gidaje. Ya saki balan-balan ɗin ƙarfe shida, ya shiga ya zuba wa allo ido. Cikin mita ɗari uku zafi ya ƙaru da digiri tara. Duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin abin da ya wuce biyar ba.

Ya kira hedikwata. Mai hasashen yanayi da ke bakin aiki wata mata ce da ta san shi, kuma ita ce ta ba da labarin abin da suka faɗa.

"Malama, kin ga abin da na aiko?"

"Na ga kwamfuta ta goge ƙasan, Baba. Ta ce akwatinka da sanyin ɗaki ya tashi."

"Nawa? Ni ɗin nan?"

"Na san ka, Baba, amma ba ni kaɗai ce a nan ba. An riga an gaya wa hukumar agaji hayaƙin zai tashi ya watse kafin goma. Yanzu za a sanar a rediyo kowa ya zauna a ɗaki ya rufe taga."

"In suka zauna a ɗaki, a ɗaki zai same su. Wannan murfin ba na goma ba ne. Hayaƙin zai tare rana, ƙasa ba za ta yi zafi ba, to me zai fasa shi?"

Ta ce, "Ka saki wani. Ka ɗauko min hoton akwatin a rataye kusa da ma'auni, in ga lambobin sun zo daidai. In ya sake nuna abu ɗaya, da hannuna zan ture maganar kwamfutar, ko me zai biyo baya."

Shugaban tasha, wanda ke gida yana karin kumallo, nasa jawabin a waya gajere ne: "Biyu aka ware maka a rana, ba uku ba. Ka taɓa na uku, to a bakin aikinka." Baba ya ce, "To, yallaɓai," ya kashe wayar.

Ba barazanar ce ta tsayar da shi a tsakar fili yana juya waya a hannu ba. Shi kaɗai ne a tashar, ba kuma wanda ya iya haɗa gas sai shi, kuma haɗawar minti arba'in da biyar ce. Gida kuwa tafiyar minti ashirin da biyar ce a babur. Ya kira matarsa.

"Maman Auta, yaya ƙirjin?"

"Yana nan. Na rufe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da ƙyallaye. Rediyo ta ce kafin goma..."

"Rediyo ba ta sani ba. Ga ni nan zuwa in ɗauke ki."

"In ka taho, wa zai gaya wa rediyon?"

Kafin ya amsa, ta ci gaba.

"Ranar da nake naƙudar Auta ka bar ni da ungozoma ka tafi sakin balan-balan. Yau ce za ka fara zaman gida? Ga yara nan ina jin su ta bayan taga, suna wucewa makaranta suna tari. Yi abin da za ka yi, ka zo."

Ya kira ƙaninta, yana can kan hanya da kaya, tafiyar rabin yini. Ya kira maƙwabta biyu, suka ce ai rediyo ta ce kada a fita, kuma ba mai mota a cikinsu. Sai ya ɗauko akwati ya rataye a keji, ya cire agogo ya shiga ɗakin gas.

Da balan-balan ya cika, ya ɗaure shi a turke ya je duba akwatin. Ma'auni yana faɗin abu ɗaya, akwati yana faɗin wani, bambancin digiri uku. Lalatacce ne tun daga masana'anta, irin wanda akan ci karo da shi jefi-jefi, kuma ranar nan ce ya ga damar faɗowa a hannunsa. Ya koma ɗakin ajiya da gudu ya ɗauko wani, yana jin sanyinsa a tafin hannu. Ya rataye shi. Minti ashirin ya fara daga farko.

Baba, kai ne ka tsaya a gaban kejin nan, balan-balan yana fizgar turke a bayanka, unguwarka kuma ta ɓace a ƙarƙashin hayaƙi, ko hasumiyar tankin ruwa ba ka gani. A minti na biyar ka kira matarka, ta amsa, kalma ɗaya sai ta huta, kalma ɗaya sai ta huta. A minti na goma sha biyu ka sake kira, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ka sake, ta sake katsewa. Ba kowa a kusa da zai ga abin da ka yi. Ka san dabarar da wasu suke yi, su cusa akwati a hammata ya yi ɗumi, su ɗauki hoto, su saki. Ka kuma san akwatin da aka ɗumama haka yakan zarce, ya ɓoye gindin murfin, lambobi su ƙi zuwa daidai da na farko, matar hedikwata ta rasa abin riƙewa, yara ɗari shida su ci gaba da zama a aji da tagogi a rufe. Sai ka riƙe ƙafar kejin da hannu biyu, ka tsaya sauran minti takwas ɗin. Mai gadin da ya hango ka daga ƙofa ya ce ya ɗauka addu'a kake yi, sai da ya matso ya ji sunanta kake kira.

Lambobin suka zo daidai. Ya ɗauki hoto ya tura, ya kwance balan-balan ya saki. Minti biyu bayan haka allo ya nuna digiri tara, a daidai inda na farko ya nuna. Bai jira sauran ba. Ranar nan ce kaɗai a rayuwarsa ya bar balan-balan a sama ba mai kallonsa.

Matar hedikwata ta cika alkawari. Aka sauya sanarwa, aka ce kowa ya bar kwari ya hau tudu, aka turo manyan motoci. Shugabar makarantar ta jera yara riƙe da hannun juna ta fito da su. Murfin bai fashe ba sai a rana ta uku. Mutum bakwai suka rasu a unguwar, yawancinsu tsofaffi. Matar nan, wadda yanzu ita ce shugabar sashen hasashe, in aka tambaye ta nawa za a rasa da an bar mutane a ɗaki kwana biyu, sai ta girgiza kai ta ce ba ta son yin wannan tunanin.

Shi kuwa Baba, da jiƙaƙƙen tsumma a hanci ya gangara, fitilar babur a kunne da safe. Ƙyallayen da ta toshe ƙofa da su sun hana ƙofar buɗuwa, sai da ya sa ƙafa. Ya same ta kwance a gefen keken ɗinki, maganin shaƙarta a hannu babu komai a ciki, leɓɓanta sun yi baƙi. Da atamfar da take ɗinka wa wata ya goya ta a baya, ya hau babur.

Ta rayu, amma huhunta bai dawo ba. Likita ya faɗa a gaban Auta, wadda ta iso da yamma, cewa da an kawo ta rabin sa'a kafin haka da labarin ya sha bamban. Likitan bai yi da mugun nufi ba, bai san abin da ya jefa cikin gidan ba. Auta ta bi mahaifinta har bakin famfon asibiti inda yake wanke baƙin hayaƙi a fuska.

"Minti nawa ka tsaya kana shanya akwati, Baba?"

"Ashirin."

"Ita kuma tana kiranka a ƙasa."

"Ni nake kiranta."

Shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Da ta gama karatu ta ƙi aikin da aka ba ta a babban asibiti, ta dawo gida, don da asuba ne ƙirjin mahaifiyarta yake fi tsanani, kuma da asuba ne Baba yake kan tudu. Ya nemi a ba shi wani ya riƙa karɓarsa da safe, aka ce ba ma'aikata.

Ga kuma abin da ke ƙona rai. Rahoton da aka fitar bayan gobarar ya yabi tsarin hasashe na zamani, shafi guda cur, wato kwamfutar da ta goge gaskiya ita aka tafa wa. Abin da Baba ya samu takardar tuhuma ce, ya bayyana dalilin da ya sa ya yi amfani da kayan hukuma ba da izini ba. Ya amsa da layi biyu. Daga baya aka gyara umarnin kwamfutar a ɓoye, aka cire takardar daga fayil ɗinsa a ɓoye, kuma har yau ba wanda ya taka zuwa gidansa ya ce a yi haƙuri. Manyan da suka yi wannan sun san kansu, wasunsu ma za su zo Juma'a su yi jawabi.

Ɗakin Maman Auta yau ƙarami ne mai tsabta. Injin iskar numfashi yana gurnani a kusurwa dare da rana, da siririn bututu mai tsawon da zai kai ta bakin ƙofa, ba ya wuce nan. Keken ɗinkin yana lulluɓe da zane, an ɗora magunguna a kai. A ɗakin nan aka tambayi Baba, makon jiya, ko da za a mayar da shi safiyar nan zai rage wani abu daga minti ashirin ɗin.

"Da na rage, da ba su yarda ba. Wannan na sani," in ji shi. "Amma sanin bai taɓa ƙara mata numfashi ko ɗaya ba."

Daga kan gado ta ɗaga yatsa, alamar a jira ta. Aka jira. "Ku rabu da shi," ta ce, ta huta. "Ni na aike shi." Auta, wadda ke sauya ruwan injin, ba ta ɗago ba, amma da ta gama ta kira shi ta nuna masa yadda ake yi, sau biyu, a hankali, ta ce daga Asabar asuba tasa ce.

Baba Mai Balan-balan, mai tsayawa a kan ƙa'ida inda ba mai gani, mun gode. Godiyar ta zo a makare, kuma ba ta cika huhu, amma ita ce da mu. Kai ne ka nuna mana cewa ɗan matakin nan mai gundura da kowa yake tsallakewa a wurin aiki, wata rana shi kaɗai ne zai sa a yarda da maganar mutum. Duk mai irin wannan mataki a aikinsa, ko a asibiti yake ko a gareji, ya yi shi yadda aka ce. Ku kuma da ke zaune a sama kuna karɓar rahoto, ku san ma'aikatanku, ku san wanda ba ya ƙarya, kada ku sa shi ya rantse sau biyu alhali gidansa yana cikin hayaƙi.

Yaran nan ɗari shida sun girma. Wasu suna jami'a, wasu sun yi aure, wasu ma suna karanta wannan rubutu ba su san da su ake ba. In a makarantar kwari ka yi firamare, kuma kana tuna ranar da aka fito da ku riƙe da hannun juna, to ka sani matar da ta ce wa mijinta ya tsaya tana nan da rai, gida na uku bayan tankin ruwa. Likita ya ce ba lallai ta ga sanyin baɗi ba. Ku je ku gaishe ta tun tana iya amsawa. Ku je da hantsi, lokacin ta fi samun sauƙi, kuma kada ku shafa turare.